Masu Shiga Noman Inabi, Ku Bar Gandun Daji Ya Huta

Tun da labarin inabin Kudan ta jihar Kaduna ya bazu, duk mai ɗan kuɗi a hannu so yake ya kafa rumfa. Madalla. Shekaruna da yawa ina aikin malamin gona, kuma na fi kowa son a daina dogaro da inabin waje. Amma abin da na tarar a wata gona bana ya ɓata mini rai ƙwarai.

Wani alhaji ne ya kira ni wai rumfarsa ta rushe. Gonar tana jingine da gandun dajin gwamnati, rafi ne kawai ya raba su. Ya sa an tumɓuke ɗorawa da kaɗanya har bakin ruwa, domin wani da ke kiran kansa ƙwararre ya ce masa inabi ba ya son inuwa. Dirkokin kuwa ɗanyen marke ne da yara suka saro cikin gandun da daddare. Damina ɗaya ruwa ya yanki kwazazzabo ta tsakiyar layuka, gara ta cinye gindin dirkokin, rumfa ta kwanta da 'ya'ya a kanta.

Na ce, "Alhaji, me kuka sa wa garar?" Ya nuna mini galan-galan na kulofirifos, maganin da Tarayyar Turai ta haramta tun 2020, ana kwarara shi ba awo. A rafin nan ake wanke injin feshi. Nan shanun Fulani ke sha, nan matan ƙauye ke ɗiba. Wani dattijo mai amya a bakin dajin ya ce mini zumarsa ta watse. Da na yi magana, sai ƙwararren nan ya ce ai inabi ba ya buƙatar ƙudan zuma. Wannan amsar ta fi komai ƙona mini rai. To mangwaron maƙwabta fa?

Asarar rumfa a aljihun alhaji ta tsaya. Asarar daji kuwa ta kowa ce. Misali, Kogin Kano ta dajin Falgore yake ratsowa kafin ya cika madatsar Tiga. Gubar da aka zuba a sama, mai shinkafa a Kura ne zai sha ta.

Kada ku sari dirka a gandu. Ku zuba ta siminti ko ta ƙarfe, sau ɗaya kun huta. Ku bar bishiyoyin bakin rafi yadda kuka same su, ku dasa jema inda ƙasa ta fara zaizaya. Kada a wanke injin feshi a rafi, kada a yar da galan a can. Ban da feshi in iska na kaɗawa wajen daji. Mai sayar da magani ba malamin gona ba ne, ciniki ya fito yi. Na sake faɗa: ban da rafi.

Don Allah, kafin ku sayi fili kusa da gandu, ku nemi malamin daji ya nuna muku iyaka, ku kira malamin gona tun ba a haƙa rami ko ɗaya ba.