Yadda ake nemo foldar saitunan QGIS da adana ta, ga mai aikin taswira a Segedin

Segedin ƙaramin zango ne a arewacin Kawar, cikin jihar Agadas, gaba da Dirku, inda hanya ke rabuwa: ɗaya ta miƙe Madama da iyakar Libiya, ɗaya ta karkata Shirfa da Jado. Tun watan Fabrairun 2016 hukumar OIM mai kula da ƙaura ta kafa wurin ƙidayar matafiya a nan da Arlit. Alƙaluma irin waɗannan, da na rijiyoyi da gonakin dabino da ramukan gishiri, ba su cika yin amfani ba sai an zuba su a taswira, kuma manhajar da ta fi sauƙin samu don haka ita ce QGIS, wadda Gary Sherman ya fara a 2002, ake kuma raba ta kyauta. Ra'ayina shi ne, mai aiki da ita a wurin da intanet ke wahala ya fi buƙatar sanin inda foldar saitunanta take a kan sanin yadda ake girka ta. Kamar ga tela ne: keken ɗinki ana saye a kasuwa, littafin awon masu kawo ɗinki kuwa ba a sayar da shi.

Matakin farko shi ne nemo foldar, kuma manhajar da kanta takan kai ka. Tun fitowar QGIS 3 a 2018 ake tara saitunan kowane mai aiki a folda guda. A kwamfutar da ke Faransanci, kamar akasarin na Nijar, ka shiga Préférences, sai Profils utilisateurs, sai Ouvrir le dossier du profil actif. A ta Turanci kuwa Settings ne, sai User Profiles. Foldar za ta buɗe, sunanta default in ba a sauya ba. To amma ranar da ka fi buƙatarta ita ce ranar da manhajar ta ƙi tashi, don haka ka san hanyar da hannu. Ga QGIS 3, a Windows ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %APPDATA%\QGIS\QGIS3\profiles. Dalilin bin wannan hanya shi ne AppData ɓoyayyiya ce, mai lalube da linzami zai wuce ta bai gani ba. A Linux tana ~/.local/share/QGIS/QGIS3/profiles, a Mac kuma cikin Library/Application Support. Tsohuwar QGIS 2 dabam take: foldarta .qgis2 ce, wasu saitunan kuma a rajistar Windows suke.

Na biyu, ka san abin da ke ciki kafin ka taɓa komai. Fayil ɗin QGIS3.ini shi ke riƙe da zaɓuɓɓukanka, da jerin ayyukan da ka buɗe kwanan nan, da adireshin rumbunan bayanai. A symbology-style.db alamomi da launukan da ka ƙera suke, misali alamar da ke bambanta rijiyar ruwan daɗi da ta ruwan zartsi. Ƙananan manhajojin da ka ɗora daga intanet suna python/plugins, jerin lissafin da ka tsara don maimaitawa yana processing, tsarin shafin bugawa kuma yana composer_templates. Akwai kuma qgis-auth.db, ma'ajin kalmomin sirri.

Na uku shi ne kwafa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Rufe QGIS gaba ɗaya tukuna, domin tana rubuta wasu saituna lokacin rufewa, kuma fayilolin .db da aka kwafa suna buɗe na iya lalacewa. Sannan ka kwafi foldar dukanta zuwa filash, ka sa mata kwanan wata a suna. A ƙasar da ƙura da zafi ke cin na'ura, kwafi biyu a filash biyu ba ɓarna ba ce. In za ka mayar da ita wata kwamfutar, kada ka danne default ɗin da ke can. Ajiye taka a gefenta cikin profiles da sabon suna, za ta fito a jerin da ke ƙarƙashin Profils utilisateurs, ka zaɓe ta. Wanda ke yawo tsakanin kwamfutoci yana iya tashin QGIS da umarnin --profiles-path ya nuna mata filash ɗin kai tsaye, sai dai ya lura Windows takan sauya harafin filash daga wannan na'ura zuwa waccan.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, in manhaja ta rikice a cire ta a sake girkawa. Amsar ita ce cirewar ba ta taɓa foldar saituna. Idan wata ƙaramar manhaja da aka ɗora ce ke kayar da QGIS, sabuwar za ta tashi ta tarar da ita a inda take, ta sake faɗuwa, an kuma ƙona kuɗin data a banza, don fayil ɗin girkawa na Windows babba ne. Gyaran da ya fi sauri bai buƙatar intanet ko kaɗan: ka rufe manhajar, ka sauya sunan default zuwa default_tsoho, ka sake buɗewa. QGIS za ta ƙirƙiri sabuwa fes. In ta tashi lafiya ka san laifin a saituna yake, sai ka riƙa maido da kayan tsohuwar ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya fito.

Wani kuma zai ce ai fayil ɗin aiki, mai ƙarewa da .qgz, yana ɗauke da komai. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare, don launukan da aka riga aka sa wa taswirar suna ciki. Amma rumbun alamominka da ƙananan manhajojinka ba sa ciki, kuma aikin da ya dogara da su zai buɗe a gurgunce.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne kwafar folda tana kwafo matsala, kuma ban ga dalilin musa shi ba. Kalmomin sirrin da ke qgis-auth.db a kulle suke da babbar kalma guda, amma waɗanda aka zaɓi adanawa ta hanya mai sauƙi a fili suke cikin QGIS3.ini, duk wanda ya tsinci filash ɗin zai karanta. Inda bayanan suka shafi mutanen da ke kan hanyar Libiya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don haka a goge irin waɗannan haɗe-haɗe kafin a ba abokin aiki kwafi. Sai kuma batun ma'aunin ƙasa. Yamai tana shiyyar UTM ta 31, Agadas ta 32, Segedin da Bilma kuwa ta 33. Foldar da aka tsara a Yamai tana iya zuwa da shiyya ta 31 a matsayin ta sabbin ayyuka, taswira ta fito kamar lafiya lau alhali awon nisa da faɗin fili ya kauce. Da zarar ka ɗora foldar wani, ka shiga zaɓuɓɓuka, sashen ma'aunin ƙasa, wato SCR, ka mayar da shi EPSG:32633, wato shiyya ta 33, kafin ka buɗe aikin farko.