Daga Wake Zuwa Waace: Sawun Fataken Goro a Tukunyar Gana

Idan ka je Gana, a bakin titi za ka fara jin Hausa tun kafin ka kai masallaci, kuma sau da yawa mai furta kalmar bai ma san Hausa ba ce. Na shekara guda a Kumasi, a shagon kawuna, tsakanin ƙaramar difloma da babba, kuma abin da na tsinto ke nan nake son mu duba tare, musamman ku 'yan sashen abinci da masu neman abin da za su yi bincike a kai.

Mu fara da karin kumallo. Koko da ƙosai suna nan, sunan ma bai canza ba: su ce "Hausa koko" da "kose". Ƙanzon gindin tukunya "kanzo" ne, daddawa "dawadawa". Sai babban, wato waace, wanda suke rubutawa waakye. Shinkafa da wake ce, aka yar da shinkafar a hanya aka riƙe waken. Amma kada ka ɗauka garau-garau ce ta ƙofar makaranta. Da karan dafi ake dafa ta har ta yi ja, a sa 'yar kanwa, a zuba a ganye, a ɗora garin rogo da taliya da ƙwai da ganda da wani baƙin yaji mai kifi da ake kira shito. Wallahi faranti ɗaya sai ya kai ka la'asar.

Ta ina waɗannan sunaye suka bi? Ta hanyar goro. A ƙarni na 19 ayarin fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kan tashi daga ƙasar Hausa da jakuna, madugu na jagoranta, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar watanni ce. Su kai kanwa da rinannen tufafi da kayan fata, su ɗauko goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Kun ga kanwar da ke cikin waace ita ma tsohuwar matafiya ce. A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kete-Karaci da Kumasi da Akra. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Karaci a 1934. Inda ayari ke sauka shi ne zango, kuma har gobe sunan unguwannin baƙi Musulmi ke nan a duk faɗin Gana. Matan zango su suka fito da tukwane bakin titi, mai saye kuwa da sunan da mai sayarwa ta faɗa yake kira.

To, a nan ne nake da ja da abokanmu na Facebook, masu ganin kalma ɗaya su ce "ai namu ne, mu muka koya musu". Ɗauki tuwon zafi, wanda suke cewa tuo zaafi. Sunan Hausa ne tsantsa. Amma Dagwamba na da tuwonsu, sagim suke ce masa, sauran ƙabilun arewacin Gana ma kowa da nasa sunan. Ba mu muka koya musu tuƙa tuwo ba. Hausa ce harshen ciniki tsakanin mutanen da ba sa jin yaren juna, sai sunan kasuwa ya rinjayi na gida a kudu. Ƙosai ma haka: ɗan uwan akaran Yarabawa ne, wanda ya bi bayi har Bahiya ta Barazil, inda ake soya shi da manja. Wani lokacin ma kalmar rabi da rabi ce. Matan da ke dako a kasuwar Kejetiya ana ce musu kayayei: "kaya" tamu ce, "yei" kuwa mata ke nan a harshen Ga.

Sha'anin alamomi ya fi wannan santsi. A Ntonso, kusa da Kumasi, ana buga zanen adinkira a jikin yadi, da hatimin da aka sassaƙa daga ƙwarya da tawadar ɓawon itace. Kowace alama da sunanta da karin maganarta. Akwai wata mai zobba biyu a sarƙe da juna, wadda duk ɗan Arewa ya gani zai ce dagi, irin na aikin babbar riga da bangon gidajen Kano da Zariya. Sunanta kramo bone, kuma ma'anar karin maganar ita ce malamin banza kan sa a kasa gane na kirki.

Da jin an ce malami, sai mutum ya yi saurin cewa daga wajenmu ne. Dakata. Wannan ƙulli yana cikin aikin dutsen ado da sassaƙar Yarabawa, yana kuma daɓen gine-ginen Rumawa na da. Kama kaɗai ba ta zama hujja. Sunan ne ke nuna hanya, kuma ba gabas ya nuna ba. Kramo daga karamoko take, wato malami a harshen Mande, harshen Wangarawa. Su ne suka riga Hausawa shiga ƙasar Akan, da fataucin zinariya, ɗaruruwan shekaru kafin kasuwar goro ta Salaga ta bunƙasa. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya je Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi suna da faɗa a fada, suna rubuta layu, kuma ya tafi da yadin adinkira da ke ajiye a gidan tarihin Landan har yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan: littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Wangarawa ne suka zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Unguwar Wangarawa da masu amsa sunan Wangara ba baƙi ba ne a kunnenmu. Ke nan a maganar malanta, mu da Asante baƙi iri ɗaya muka yi: wasu suka yi kudu zuwa kurmi, wasu suka yi gabas zuwa Dala. A maganar waace da ƙanzo kuwa, hanyar a miƙe take, daga Kurmi zuwa Salaga zuwa zango.

Layun nan ma ba su ɓace ba. Babbar rigar yaƙin Sarkin Asante, batakari kese, a lulluɓe take da su gaba da baya, an ɗinke su cikin fata da ƙarfe, kuma har yau sarki kan sanya ta a bikin naɗi da manyan jana'izojin gidan sarauta.