Darasi na 12: Ɗan Hakin da Ka Raina

A. Karatu

Yawancin ƙananan jiragen sama na masu zaman kansu inji ɗaya gare su. Idan injin ya mutu a sama, matuƙi ba shi da gefen titi da zai raɓa ya jira bakanike. Abin da ya rage masa shi ne saukar dole, wato ya sauke jirgin a duk filin da ya samu. Sau da yawa matsalar tun daga ƙasa take farawa, a wurin gyara.

Ga misali daga ƙasar Amurka. Ranar 5 ga Maris, 2015, shahararren ɗan wasan fim Harrison Ford ya tashi shi kaɗai daga filin jirgin sama na Santa Monica a Jihar Kalifoniya. Jirginsa ƙirar Ryan PT-22 ne mai kujeru biyu, wanda aka ƙera a 1942 domin horar da matuƙan soja. Tashinsa ke da wuya sai injin ya mutu. Nan take ya sanar da hasumiyar kula da jirage, ya juya zai koma. Da ya ga ba zai kai titin jirgi ba, sai ya nufi wani filin wasan golf da ke kusa. Jirgin ya bugi kan wata bishiya, sannan ya daki ƙasa. Ford ya ji mummunan rauni, amma ya tsira da ransa, kuma babu wanda ya jikkata a ƙasa.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa wani ɗan ƙaramin bututu ne mai auna mai a cikin kafireta ya kwance daga mazauninsa. Saboda haka mai ya yi wa iska yawa, injin ya shaƙe. Rabon da a yi wa kafiretar babban gyara tun 1998, kuma littafin gyaranta bai ba da cikakken umarnin a riƙa duba bututun ba. Hukumar ta kuma gano cewa ba a kafa bel ɗin kafaɗa yadda ya kamata ba, shi ya sa raunin ya tsananta. Hausawa sun ce, ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido.

Kurakuran gyara iri-iri ne. Akwai noti da ba a ɗaure sosai ba, da sifana da aka manta a cikin inji, da murfin tanki da ya lalace har ruwan sama ya shiga cikin mai. Don haka a Amurka doka ta wajabta a yi wa jirgi cikakken bincike sau ɗaya a shekara, a kuma rubuta kowane gyara a littafinsa. Shi ma matuƙi yakan zagaya jirgin kafin ya tashi, ya tsiyayi mai kaɗan a kofi ya duba ko akwai ruwa a ciki.

Duk da haka, jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse. Fukafukansa suna riƙe shi yana gangarowa sannu a hankali, kamar shirwa. Jirgi irin Cessna 172 da ke mita 1,000 a sama zai iya cin tafiyar kusan kilomita 9 kafin ya taɓa ƙasa. Ana koya wa matuƙa abubuwa uku a jere: su riƙe jirgin da kyau, su zaɓi wurin sauka, sannan su nemi taimako ta rediyo. A Nijeriya, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyara. Aikin ɗayansu ba ya cika sai da na ɗayan.

B. Ma'anar Kalmomi

bakanike: mai gyaran inji
kafireta: ɓangaren inji da ke haɗa mai da iska
jikkata: jin ciwo mai tsanani
wajabta: mai da abu dole
tsiyaya: zuba ruwa ko mai kaɗan-kaɗan

C. Tambayoyi

1. Mece ce saukar dole?
2. Me ya sa injin jirgin Ford ya mutu?
3. Wane kuskure ne ya ƙara tsananta rauninsa?
4. Kawo kurakuran gyara guda biyu da aka ambata.
5. Waɗanne abubuwa uku ake koya wa matuƙi, kuma wanne ne na farko?

D. Nahawu

Rubuta jam'in waɗannan kalmomi, ka sa kowanne cikin jimla: jirgi, inji, matuƙi, bakanike, fiffike.

E. Aikin Gida

Ziyarci garejin gyaran motoci ko babura a unguwarku. Tambayi mai garejin abubuwan da yakan sake dubawa kafin ya miƙa wa mai abin hawa makulli. Rubuta amsarsa da Hausa cikin jimloli goma, ka rufe da karin maganar da ta dace.