Darasin Kiwo: Yadda Ake Saukar Sabon Zomo A Gida

Kowace ranar Alhamis mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar sukan yi sammako zuwa kasuwar Maigatari. Raƙuma da shanu da tumakin da ake kawowa daga Nijar su ne suka yi wa kasuwar suna, amma ba kowa ne ke da kuɗin sa ko na rago ba. Mai ƙaramin ƙarfi, ko matar aure, ko ɗan makaranta, yakan fara kiwo ne da kaza ko tattabara ko zomo, a saya a kasuwa ko a hannun maƙwabci. Zomo yana da saurin yaɗuwa, domin kwana 30 zuwa 32 mace take yi da ciki, kuma takan haifi 'ya'ya biyar zuwa takwas.

Sai dai sau da yawa murna takan koma ciki. A kawo zomo gida lafiya lau, kwana uku ya ƙi cin abinci, rana ta huɗu a tarar da shi a sanƙare. Wani ya ce mai sayarwa ne ya cuce shi, wani ya ce kambun baka ne. Alhali yawancin irin wannan asara tsoro ne da zafi da canjin abinci suke jawo ta, kuma duka ukun suna hannun mai kiwo.

Halin zomo

Zomon gida daban yake da zomon dajin da mafarauta suke kora da karnuka. Na daji ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake laɓewa, kuma 'ya'yansa da gashi ake haifarsu, ido buɗe. Na gida asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal yake, inda kakanninsa suke zaune cikin ramuka masu sanyi da duhu, ba sa fitowa kiwo sai da almuru da kuma asuba. Su biyun ko barbara ba sa yi da juna. Shi ya sa wanda ya kamo ɗan zomon daji ya sa a keji da wuya ya ga ya rayu.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, zomo abincin kowa ne. Shaho yana ɗaukarsa, kare da kyanwa da maciji da tunku duk suna nemansa. Ba shi da ƙaho, ba shi da ƙarfi, makaminsa gudu ne da ɓuya. To idan aka sa shi a inda ba zai iya gudu ba, kuma babu wurin ɓuya, ga yara sun kewaye shi kowa yana miƙa hannu, a wurinsa daidai yake da an ritsa shi a dawa. Hannun da ya sauko masa daga sama, shi bai san bambancinsa da ƙafar shaho ba.

Zomon da ya tsorata yakan takure a lungu, ya kwantar da kunnuwa, ya zare ido, numfashinsa ya yi sauri. Wani lokaci ya riƙa buga ƙasa da ƙafafun baya. Abin da ya fi haɗari shi ne ya daina ci. Hanjin zomo ba ya son tsayawa. In ya yini ya kwana bai ci komai ba, cikinsa yakan tsaya ya kumbura, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke gaba ɗaya, daga nan kuwa ceto sai an yi da gaske. Don haka mai kiwo ya riƙa duba ƙarƙashin keji kowace safiya. Kashi mai yawa, mulmulalle, busasshe, shi ne shaidar lafiya.

A gina ɗaki kafin a sayo

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo zomo tukuna, sannan a fara neman inda za a sa shi. Sai a kifa masa kwando, gobe a mayar da shi cikin tsohuwar garwa, jibi a kai shi akurkin kaji. Kowane canji sabon tashin hankali ne a gare shi.

Babban zomo ɗaya yana bukatar keji mai tsawon ƙafa 3, faɗin ƙafa 2, tsayin ƙafa 2, yadda zai miƙe sosai ya kuma tsaya a kan ƙafafun baya. In an sami fiye da haka ya fi kyau. A ɗaga kejin daga ƙasa kamar ƙafa 2 ko 3, a tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu toka ko baƙin mai saboda cinnaka da kwarkwasa da gara. Daɓen ya zama na waya mai ƙananan idanu, ko na tsagin katako mai 'yar tazara yadda kashi zai zube amma ƙafa ba za ta maƙale ba. In waya ce, a ajiye ɗan allo a gefe guda don ya huta a kai, in ba haka ba tafin ƙafarsa zai yi gyambo. A toshe duk kafar da ɓera ko gafiya za su bi, don suna cinye jarirai.

Cikin kejin lalle a sa maɓoya. Wannan ba ado ba ne, shi ne rabin maganin tsoro. Tsohuwar tukunyar ƙasa da aka kwantar a gefenta ta isa, ko randar da bakinta ya fashe, ko akwatin katako mai ƙofa. Tukunyar ƙasa ta fi, saboda tana riƙe sanyi. Abin mamaki, zomon da ya san yana da wurin ɓuya ya fi saurin fitowa ya sake da mutane.

Akwai masu barin zomaye a ɗakin ƙasa su haƙa raminsu. Zomo yana jin daɗin haka, ramin kuma yana kare shi daga zafi. Amma ƙasar wannan yanki jigawa ce, rairayi ne mai saurin ruftawa. Da damina ruwa yakan shiga ya kashe 'ya'ya, maciji ya sami masauki, kuma mai kiwo ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya yi daɓe mai ƙarfi, ya jera tukwane ko bulo su zama ramukan da zai iya buɗewa ya duba.

Zafi

Wannan shi ne babban makashin zomo a ƙasar Gumel. Zomo ba ya gumi kamar mutum ko doki. Ta kunnuwansa yake fitar da yawancin zafin jikinsa. Ya fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana wajen digiri 20. Da ya wuce 30 ya fara wahala, ci ya ragu, namiji ya rage ƙarfin barbara. A nan kuwa daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40. Kejin da aka rufa da kwano aka bar shi a rana tanda ce.

A kafa keji a inuwar darbejiya ko ƙarƙashin rumfa, inda iska take ratsawa. In dole sai kwano, a shimfiɗa zana ko karan dawa a kai. Da tsakar rana a jiƙa buhun algarara a rataya a gefen da iska take shigowa, a yayyafa wa tukunyar ruwa ta waje. In aka ga zomo ya miƙe yana haki, baki buɗe, hanci a jiƙe, a kai shi wuri mai sanyi nan da nan, a shafa masa ruwa a kunnuwa. Kada a tsoma shi cikin bokiti, firgitar kaɗai tana iya ƙarasa shi.

Maganar da ake yi wai zomo ba ya shan ruwa, ba ta da tushe. Mace mai shayarwa tana iya shan lita guda a yini lokacin bazara. A ajiye ruwa mai tsabta dare da rana, a kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba.

Saboda haka sabon mai kiwo zai fi dacewa ya fara bayan kaka, lokacin da gari ya yi sanyi, harawa kuma ta wadata. Babban zomo yana jure hunturu, in dai an kare shi daga iska da ƙura ta gabas da arewa. Jarirai ne sanyi yake kashewa.

Daga kasuwa zuwa gida

A zaɓi zomon da ya kai wata biyu zuwa uku, mai ido garau, busasshen hanci, kunne ba ɓawo, gindi ba alamar zawo. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shi: "Malam, me kake ba su?" In da hali a karɓo ɗan abin da ya saba ci. Kada a ɗaure masa ƙafafu kamar kaza, kada a jefa shi cikin buhun roba ko but ɗin mota. Kwali mai huji ko kwando mai murfi, da 'yar harawa a ƙasa, a yi tafiyar da sanyin safiya ko na yamma.

Da an iso a sa shi a kejinsa, a ajiye ruwa da harawa, a rufe gefe biyu da buhu, a tafi a ba shi wuri. Kwana uku na farko babu ɗauka, babu nuna wa baƙi. A nan ne aikin yake, domin yara ba sa haƙuri, kuma sau da yawa zomon nasu ne. Sai uwa ko uba su tsaya a kai. Mutum ɗaya ya riƙa kai abinci, a lokaci ɗaya safe da yamma, yana magana a hankali kafin ya buɗe ƙofa. A nesanta keji da injin niƙa da janareta da turken awaki, a hana kare da kyanwa zama a gindinsa, ko da ba za su iya shiga ba. Warinsu kaɗai ya isa ya hana shi ci.

Bayan kwana uku sai a fara miƙa masa ganye da hannu, daga gefe, ba daga sama ba. A bar shi ya zo ya shinshina da kansa. Wani cikin mako guda ya saba, wani sai ya yi wata.

In ɗauka ta kama, kada a ɗaga shi ta kunne, ko da yake haka aka saba gani a kasuwa. Kunne ba mariƙi ba ne. A sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ya tallafe ƙugu, a manna shi da jiki, kansa ya shige lungun hannu. Ƙashin zomo ba shi da kauri, ƙafafun baya kuwa suna da ƙarfi. In ya yi shure-shure a iska yana iya karya gadon bayansa, kuma wannan karaya ba ta da ɗori.

Abinci

Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, sai yana tauna abu mai ƙarfi suke daidaita. Tushen abincinsa harawar wake da ta gyaɗa da busasshiyar ciyawa, kada su yanke masa. A ƙara da 'yar dusa da ɗan garin ƙuli-ƙuli. Ɗanyen ganye kamar na dankali da zogale da yaɗiya a fara da kaɗan, a bar shi ya sha iska tukuna, a riƙa ƙarawa cikin mako guda. Sabuwar ciyawar farkon damina in aka tula masa ita rana ɗaya, zawo ne. A guji tumfafiya da zaƙami da zurma, da ciyawar gonar da aka yi wa feshi, da dusar da ta yi fumfuna. Wanda ya ga zomo yana cin wani kashinsa mai laushi kada ya hana shi, halittarsa ce, daga nan yake samun wasu abubuwan gina jiki.

Maza biyu da suka wuce wata uku ba sa zama keji ɗaya, za su yayyaga juna. Wajen barbara mace ake kai wa namiji, don ita ba ta yarda baƙo ya shigo mata ɗaki. In macen da aka sayo ta zo da ciki, a sa mata akwati da busasshiyar ciyawa, a ƙara nesa da ita. Wadda aka dama takan watsar da 'ya'yan ko ta cinye su. Kuma sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, cikin 'yan mintoci, don haka rashin ganinta a kansu ba ya nufin ta ƙi su.

Ɓeran Masar

Yara da yawa suna haɗa zomo da ɓeran Masar keji ɗaya. Bai kamata ba, domin shuri ɗaya na zomo yana iya kashe shi. Duk da sunansa, ba daga Masar ya fito ba, asalinsa duwatsun Kudancin Amurka ne, wajen ƙasar Peru. Shi ba ya son zaman kaɗaici, biyu ake ajiyewa, a daɓe mai laushi ba na waya ba, kuma dole ya sami ɗanyen ganye kullum. Yana da wani ɗan'uwa a ƙasar Cile mai suna degu, wanda Turawa suke ajiyewa a gida don sha'awa. Shi kuma zaƙi ne ba ya so, yana jawo masa ciwon sukari, kuma in aka kama shi ta wutsiya sai fatar ta saɓule. Amma dokar saukarsu duka ɗaya ce da ta zomo: maɓoya, inuwa, shiru.

Cuta da magani

Wanda yake da zomaye a gida kada ya haɗa su da sabo sai ya yi aƙalla mako biyu a ware, da kaskonsa daban. A shekarar 2020 wata annoba mai kashe zomaye farat ɗaya ta ɓulla a Nijeriya, ta yi ɓarna a jihar Kwara da wasu wurare. Ba ta kama mutum, amma tana bin keji da takalmi da hannu. Alamarta mutuwar gaggawa, wani lokaci da jini a hanci. In aka ga haka a binne gawar da zurfi, a daina saye da sayarwa, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Wani abin lura kuma, an saba a fasa kafso a zuba wa kaji a ruwa. Kada a yi wa zomo ko ɓeran Masar haka. Irin su Ampiclox da sauran dangin fenisilin, in suka sha ta baki, suna kashe ƙwayoyin da suke narkar musu da abinci a hanji, sai zawo ya biyo baya, dabba ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ƙazwar kunne da zawon ƙananan zomaye duk suna da maganinsu, amma malamin dabbobi ne zai faɗi irinsa da awonsa gwargwadon nauyin zomon.