Amsoshin Tambayoyinku: Zan iya haɗa bishiya da gini a aiki ɗaya?

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, ina aji uku a jami'a. Abu biyu ne suka ɗauke mini hankali: itatuwa da tsofaffin gine-gine. In na ɗauki burushi sai in zana kuka ko giginya, in na zauna da yumɓu sai in gina soro da zaure. Ina so in haɗa su a aikina na kammala karatu, amma abokaina suna cewa in zaɓi ɗaya, wai gini aikin masu zanen gidaje ne. A gida kuma ana ɗari-ɗari da maganar sassaƙa. Ina mafita?

Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: Ƙanwata, kada ki zaɓi ɗaya. Abin da kike son haɗawa maginan ƙasar Hausa sun daɗe da haɗa shi, kuma shaidar tana cikin garin da kike karatu.

Ki dubi soron gargajiya tun daga tushe. Tubalinsa jar ƙasa ce da aka cuɗa da ciyawa aka shanya a rana. Azarar da ta riƙe rufin daga jikin giginya aka faskaro ta, kuma an zaɓe ta ne saboda gara ba ta cika cin ta ba. Makubar da ake shafe bango da ita daga ɓawon ɗorawa take. Lason da ke hana ruwa ratsa rufi haɗin katsin marina ne da gashin jima da dafara. Kin ga ashe daji ne da kansa ya shigo gari ya zama ɗaki.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda itacen ya tsara siffar ginin. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kusan mita 2. Magini da ke son ɗaki mai faɗi dole ya riƙa ɗaura azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga bangon nan da wancan, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Haka aka sami bakan gizo, haka aka sami ɗaurin guga. Kyawun da muke ɗaga kai muna kallo gajartar azara ce ta haife shi. Ki nemi izini ki shiga tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda maginin da ake kira Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ki ga yadda bakunan suke tashi daga ginshiƙai suna rarrabuwa. Gani ya kori ji.

Daga nan ne nake so ki ɗauki darasin aikinki. Ɗalibai da yawa in an ce su haɗa halitta da gini, sai su zana gida su yaɓa masa ganye da furanni. Wannan ado ne kawai, ido zai gaji da shi. Haɗin da ke daɗewa shi ne wanda mai zane ya gane yadda bishiya take tsayuwa, yadda take rarraba nauyinta, yadda take ba da inuwa, sannan ya sa ginin ya yi irin wannan aikin. Haka Antoni Gaudí ya yi a birnin Barsalona na ƙasar Sifaniya. Ya karɓi aikin cocin Sagrada Família a 1883, ya tsara ginshiƙanta su yi rassa a sama kamar itatuwan kurmi, kuma rassan nan su ne suke ɗauke da rufin.

Su kuma abokanki masu cewa gini ba huruminki ba ne, ki ba su labarin Demas Nwoko. Ɗalibin zane ne a kwalejin Zariya daga 1957 zuwa 1961, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage cewa dole fasahar zamani ta tsiro daga al'adun gida. Da fenti da sassaƙa ya fara. Daga baya ya tsara cocin Dominican da ke Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinare a babban baje kolin fasahar gini na birnin Venice. A Nijar ma, Falke Barmou, magini ne na gargajiya, ya sami lambar Aga Khan a 1986 saboda masallacin ƙasa na Yaama a jihar Tahoua, wanda hasumiyoyinsa huɗu kowace da irin siffarta, aikin hannu ne zalla.

To, ta ina za ki fara? Ki zaɓi bishiya guda da gini guda, ki lizimce su. Ki zana bishiyar da fensir sau da yawa, ki mai da hankali kan inda reshe yake rabuwa da gindi da inda saiwa take kama ƙasa. Ki zana bangon da hantsi, ki sake zana shi da la'asar, domin zanen da magina suke fitarwa a jikin bango da inuwa yake magana. Sannan ki raba aiki tsakanin hannuwanki biyu: fenti ya ɗauki haske da launi da sauyin damina da rani, yumɓu kuma ya ɗauki nauyi da kauri da rami. In kin ajiye su wuri guda, kowanne ya faɗi abin da ɗayan ba zai iya ba.

Kayan aikin ma ki nemo su daga wurin. Jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da shuni, in an niƙa su an haɗa da ƙaro, suna kama takarda sosai. Siffofin da za ki gina ki sa musu ƙashi na kara ko tsinke, ki cuɗa yumɓun da 'yar ciyawa, ki shanya a inuwa don kada ya tsage. Kuma ki je wurin magina na gargajiya ki gaishe su, ki zauna ki ga yadda ake murza tubali. Ki rubuta sunan duk wanda ya koya miki a cikin rahoton aikinki, haƙƙinsa ne.

Game da gida, damuwar iyaye a kan gumaka ce, wato siffar mutum ko dabba. Mafi yawan malamai ba su ga laifi a zanen itatuwa da gine-gine ba. Ki nuna musu aikin da idonsu, in da hali ki haɗa su da malamin da suka amince da shi ya yi musu bayani.

Kafin zangon karatu ya yi nisa, ki kai wa malamin da zai duba aikinki zane-zanen fensir ɗin da ƙaramin samfuri guda na yumɓu, ku tsayar da girman aikin da lokacinsa. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.