Gilashin VR: Haɗurra Huɗu Da Ya Kamata A Sani Kafin A Ɗaura Shi

VR fasaha ce da ke rufe idon mutum da gilashi mai allo a ciki, ta jefa shi wata duniya ta kwamfuta. Duk inda ya juya kai, hoton zai bi shi. Tun da Google ya fito da Cardboard a 2014, wanda ake zura waya a ciki, matashi mai wayar Android a Tozai ko Isa zai iya ɗanɗana ta ba sai ya mallaki Meta Quest ba. Matsalar ita ce, jiki na ɗaukar abin da ido ya gani tamkar gaske.

1. Jiri da tashin zuciya
Ido na shaida wa ƙwaƙwalwa ana gudu, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki kuma na cewa a zaune ake. Wannan saɓanin ne ke kawo jiri, irin wanda ke kama fasinjan motar Sakkwato idan ya duƙufa kan waya.

2. Ido da farfaɗiya
Allon na dab da ido, amma hoton na nuna nesa, sai ido ya gaji, kai ya yi ciwo. Walƙiyar haske kuma kan tayar wa wasu farfaɗiya.

3. Tayar da tsohon firgici
Wannan ya fi shafar yankin Sabon Birni da Isa, inda mutane da dama suka ga harin 'yan bindiga da idonsu. Gem ɗin harbe-harbe a VR na iya dawo wa irin wannan mutum da faɗuwar gaba, mugun mafarki da rashin barci. A Amurka ana jinyar sojojin da suka dawo daga Iraƙi da VR, amma likita na zaune kusa, yana sarrafa abin daki-daki. Mai gem shi kaɗai a ɗaki ba shi da wannan kariya.

4. Kamuwa da gem
A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamarta: gem ya fi ƙarfin mutum, ya ture karatu, sana'a da barci, yana ganin illa amma ya kasa bari.

Abin yi
Mai farawa ya yi mintuna kaɗan, a zaune, nesa da wuta, rijiya da kaifi. Jiri na farawa ya cire, kada ya hau babur sai ya wartsake. Kada a ɗaura wa ƙananan yara. Sony ma ya hana 'yan ƙasa da shekara 12 amfani da PlayStation VR. Wanda firgici ya ƙi saki, ya nufi asibiti.