Zuciya Mai Tanƙwaruwa: Darasi a Kan Lafiyar Tunanin Yara

Gabatarwa

Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A shekarar ne kuma aka sace ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da makarantar Kaya a Maradun. Yaron da ya dawo gida, jikinsa ya kuɓuta, to amma zuciyarsa fa?

Abin da Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigidala, shi ke buga ƙararrawa idan haɗari ya tunkaro. Sashen da ke bayan goshi kuwa shi ke taka birki, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa yaron da ya firgita kan zabura da jin ƙarar babur, ko ya yi ta mugayen mafarkai.

Mene Ne Tanƙwaruwa?

Ita ce iya sauya hali gwargwadon yanayi: a daure inda dauriya ta dace, a yi kuka inda kuka ya dace. Masani George Bonanno ya nazarci ɗaliban jami'a a birnin New York na Amurka bayan harin 11 ga Satumba 2001. Ya gano cewa waɗanda suka iya bayyana damuwa, suka kuma iya danne ta idan da bukata, sun fi samun natsuwa daga baya. Haƙuri da kunya ɗabi'u ne nagari, amma yaron da aka hana shi kuka ko da yaushe, an rage masa makami guda.

Aikin Malami

1. Ka koya wa ɗalibi ambaton abin da yake ji: tsoro ne, fushi ne, ko baƙin ciki.
2. Kada ka tilasta masa ba da labari, kada kuma ka katse shi idan ya fara.
3. Ka kiyaye lokutan darasi da wasa, domin sabo yana kwantar da hankali.
4. Idan firgita ta wuce wata guda, a kai shi ga likita, kamar a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, Sakkwato.

Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.